Yaya za a hana sake ɗura sanitaiza a gorunan da aka yi don amfani sau ɗaya?

Mai kula da tsafta, Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ce ke kula da sayen kayan aiki da sha'anin tsafta a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, kuma ina neman shawarar ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da duk wanda ya taɓa riƙe sito a wurin kula da marasa lafiya.

Tun lokacin korona muke ajiye sanitaiza a bakin kowane ɗakin kwanciya da kan teburin likita da wurin yankar kati, a cikin gorunan roba na rabin lita masu famfo a ka, irin waɗanda kamfani ya rubuta a jikinsu cewa idan sun ƙare a yar da su. Abin da ke faruwa shi ne, masu shara da goge-goge, har da wasu daga cikin nas-nas na aikin dare, idan suka ga gora ta yi ƙasa sai su kwance famfon su ƙara mata daga jarkar lita biyar da muke saya domin na'urar bango da ke bakin ƙofar shiga. Ba da mugun nufi suke yi ba, a ganinsu tattali suke yi wa asibiti, kuma ba sa son mara lafiya ya matsa famfo ya tarar babu komai. Sai dai yanzu muna da goruna masu sunan wani kamfani alhali abin da ke ciki na wani ne, wata ta tsinke ta koma kamar ruwa, wata kuma ranar ƙarewar wa'adin da ke jikinta ta daɗe da wucewa amma kullum a cike take.

Tambayata kashi biyu ce. Shin akwai haɗari na gaske a wannan ɗabi'a, tunda abin da ke cikin gorar shi kansa mai kashe ƙwayoyin cuta ne? Idan akwai, wace hanya ce ke hana ta a aikace? Na yi magana a taron ma'aikata, na liƙa sanarwa a bango, kuma wani ya ba ni shawarar in riƙa manne wuyan famfon da gam mai ƙarfi kafin in fitar da gora daga sito.

Mai harhaɗa magunguna, Kano:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Haɗarin na gaske ne, amma ba ta inda yawancin mutane ke zato yake zuwa ba. Gaskiya ne alkohol mai ƙarfi ba ya barin yawancin ƙwayoyin cuta su rayu a cikinsa, saboda haka matsalar farko ita ce ƙarfin nasa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sanitaiza ba ya aiki yadda ake so sai alkohol ɗin da ke cikinsa ya kai aƙalla kashi 60 cikin 100, haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kuma yana da kashi 80 idan da ethanol aka yi, ko kashi 75 idan da isopropyl ne, duka biyun nau'in alkohol ne. Alkohol yana bin iska da sauri fiye da ruwa, don haka duk lokacin da aka buɗe jarka aka bar ta ba murfi, ko aka kwance famfo aka mayar bai ɗauru ba, abin da ya rage yana ƙara zama ruwa. A zafinmu na watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka ci gaba da zuba sabo a kan tsoho, babu wanda zai iya faɗa miki kashi nawa ne a gorar, kuma nas ɗin da ta shafa ta wuce wurin maijego tana da yaƙinin hannunta ya tsarkaka.

Na biyu, alkohol ba ya kashe ƙwayoyin da ke lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri, irin su Bacillus da Clostridioides difficile. Idan suka shiga ta mazurari mai datti ko ta hannun mai ɗurawa, suna nan zaune. Shi ya sa haɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙunshi ɗan hydrogen peroxide, sinadarin da ke kashe irin waɗannan ƙwayoyi, kuma aka ce a ajiye gorunan awa 72 bayan an cika su kafin a fara amfani da su. Akwai kuma sanitaiza marasa alkohol, waɗanda aka yi da benzalkonium chloride, su kuwa wasu ƙwayoyi irin su Burkholderia suna iya rayuwa a cikinsu, kuma an taɓa janye irinsu daga kasuwa a Amurka saboda haka. Idan an gauraya mai alkohol da marar alkohol, ko mai kauri da mai ruwa, haɗin na iya lalacewa, kuma ina kyautata zaton abin da ya tsinkar da gorar da kika ambata ke nan.

Abin da ya fi damuna ni dai shi ne na uku, wato takardar da ke jikin gora ta daina faɗar gaskiya. A kanta ne lambar NAFDAC da lambar rukunin da aka sarrafa da ranar ƙarewar wa'adi suke. A watan Yunin 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara gargaɗi kan wasu sanitaiza da aka yi a Meziko waɗanda aka samu methanol a cikinsu, guba mai makantarwa da kisa, kuma a jihohin Arizona da New Mexico mutum 15 aka kwantar a watannin Mayu da Yuni bayan sun sha irinsa, huɗu suka rasu. Da sunan kamfani da lambar rukuni aka bi sawun kayan aka janye su. A ce gobe NAFDAC ta yi shelar janye kayan kamfanin da kike sayen jarkarsa, ta yaya za ki san gorunan da ruwansa ya shiga? Dole ki zubar da duka.

Batun gam kuwa, ban ba ki shawara ba. Wasu gam ɗin ba sa kama irin wannan roba sosai, kuma yana iya zurara ciki ya gauraya da abin da ake shafawa a hannu.

Tsohon mai riƙe da sito:

Hajiya, Malam ya gama bayanin ilimin abin, ni kuma zan yi magana a kan aikin sito, domin a nan matsalar take. Muddin akwai jarka a inda mai shara zai iya kai hannu, kuma akwai gora mai murfin da ke kwancewa, to za a ɗura, ko da sanarwa goma kika liƙa. Mutum ba zai ga gora babu komai, ga jarka a gefe, ya wuce ba.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne musaya. Kada sabuwar gora ta fita daga sito sai an kawo tsohuwa, kuma da zarar tsohuwar ta shigo a cire famfon a huda gindinta ko a tsaga ta da wuƙa kafin a jefa a shara. Hudawar tana da muhimmanci ta wani ɓangaren ma, domin gorunan da aka yar lafiya lau 'yan gwangwan da masu bin bola suna tsince su, kuma gora mai sunan kamfani da lambar hukuma a jiki ita ce abin da mai haɗa jabu yake nema. Kowace gora a rubuta mata lamba da sunan ɗakin da za ta je da ranar da aka buɗe ta, da alƙalamin maka wanda ba ya gogewa, a kuma shigar a littafi. Sai dai a rubuta a kan tef ko a ƙasan gorar, saboda alkohol yana wanke tawadar maka idan ya zuba a kanta. Da wannan littafin, ɗakin da ya yi wata biyu bai zo musaya ba ya tona kansa: ko dai ɗurawa ake yi, ko kuma ba a tsaftace hannu a ɗakin, kuma duka biyun abin bincike ne.

Jarkar kuma ta koma sito a kulle, mutum ɗaya ne zai riƙa cika na'urar bango. A ajiye ta nesa da janareto da risho da hasken rana, domin wannan ruwa yana kama wuta cikin sauƙi. Idan kina son shaida ta ido, akwai sitika mai yagewa irin wadda masu gyaran waya ke liƙawa, a ɗora ta daga wuyan famfo zuwa kafaɗar gora, duk wanda ya murɗa za ta tsage. Ba ta hana buɗewa, tana dai nuna an buɗe. In da hali a gaba, ki tambayi dilanku gorunan da famfonsu ake dannawa ya kulle ba a murɗawa, ko na'urar bango mai karɓar leda rufaffiya wadda ake cirewa gaba ɗaya a sa sabuwa.

Sharaɗi ɗaya ne, kuma idan ya faɗi duk tsarin ya rushe: dole a sami sabuwar gora a kowane lokaci, har da ƙarfe biyun dare. Ki bar goruna biyu ko uku a hannun shugabar nas ta dare.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya:

Ina da ɗan saɓani da yadda maganar ke tafiya, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. Na yi aiki a asibitocin karkara inda kuɗin sabuwar gora duk mako ba ya cikin lissafi, kuma na ga abin da doka mai tsauri ke haifarwa a irin wurin nan: a hana ɗurawa, sabuwa ba ta zo ba, gora ta zauna babu komai, ma'aikaci ya tashi daga kan wannan mara lafiya zuwa wancan da hannunsa yadda yake. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke dawowa duk rani kuma yana kama ma'aikatan lafiya, gora marar komai ta fi ba ni tsoro a kan gorar da aka ɗura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta haramta sake amfani da gora baki ɗaya ba. Abin da ta hana, a ƙa'idojinta na tsaftar hannu na 2009, shi ne ƙara sabo a kan ragowar tsoho. Ta kuma bayyana yadda za a yi idan za a sake amfani da gora: a bari ta ƙare ƙarƙaf, a kai ta wuri guda da aka ware, a wanke da sabulu da ruwa, a tafasa ta idan tana jure zafi, idan ba ta jurewa a jiƙa ta a ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 na aƙalla minti 15, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce, a kife ta ta bushe sarai, sannan a cika. Asibitoci da yawa a Afirka da wannan hanya suke samun sanitaiza, suna haɗa nasu a ɗakin magani. Don haka, 'yata, kafin ki kulle jarka ki zauna da mai asibitin ku yi lissafi. Idan kuɗin zai ɗauki sababbin goruna duk shekara, bi shawarar Malam mai sito. Idan ba zai ɗauka ba, gara a tsara ɗurawar a mayar da ita aikin mutum ɗaya da aka koya wa, da a bar ta tana faruwa a ɓoye.

Ki kuma kira masu sharar ki nuna musu dalili, kada ki tsaya a umarni. Yawancinsu ba a taɓa gaya musu cewa alkohol yana bin iska ba.

Mai kula da tsafta, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mama, maganarki ta taɓa inda abin yake, domin farashin gorunan ya ninka a 'yan shekarun nan kuma mai asibitin ya riga ya fara ƙorafi. Malam mai harhaɗa magunguna, idan muka bi hanyar wankewa da Mama ta bayyana, shin waɗannan gorunan da muke da su za su yi, ko sai mun sayi wasu?

Mai harhaɗa magunguna, Kano:

Abin da Mama ta kawo daidai ne, kuma na yarda da ita cewa rashin sanitaiza ya fi komai muni. Amma waɗannan gorunan naki ba za su yi ba, Hajiya. Robarsu marar kauri ce, ruwan zafi yana lanƙwasa ta, kuma famfon yana da siririn bututu da ƙaramin sifirin da lungunan da ba a iya wankewa ko busarwa, ruwan da ya maƙale a ciki kuwa zai ƙara tsinka abin da aka zuba. Ga kuma takardar kamfani da ke manne a jiki, wadda za ta ci gaba da faɗar abin da ba shi ne a ciki ba.

Idan lissafi ya kai ku ga ɗurawa, ku sayi goruna marasa rubutu masu kaurin roba waɗanda aka yi don a riƙa wankewa, ninki biyu na adadin da kuke buƙata, domin rabi na aiki rabi na bushewa. Kowace cikawa a liƙa sabuwar takarda mai sunan abin da aka zuba da kashin alkohol da lambar rukunin jarkar da ranar cikawa da ranar ƙarewar wa'adi. Ku tsaya a kan kamfani ɗaya mai rajistar NAFDAC, ku zaɓi mai ruwa maimakon mai kauri saboda ya fi sauƙin wankewa daga gora, kuma ku nemi ma'aunin alkohol, ɗan gilashin nan da ake tsomawa, a riƙa gwada kowace jarka idan an buɗe ta. Ma'aunin yana aiki ne a kan mai ruwa kawai. Gorunan kamfani da suka rage a ɗakuna yanzu, duk wadda ba ki da tabbacin abin da ke cikinta ki janye ta a wannan makon, ki huda, ki fara littafin musayar da sababbi.