Wane Suna Za Mu Ba ADMS da Hausa?

Malamai masu aikin fassara da 'yan'uwa ma'aikatan lantarki, ina so mu tsayar da magana ɗaya a kan sunan da za mu riƙa kiran manhajar da kamfanonin rarraba wutar lantarki ke tafiyar da layukansu da ita, wadda a Turance ake taƙaita sunanta da ADMS, wato Advanced Distribution Management System. Kamfanoni irin su Schneider Electric da Siemens da Hitachi Energy ne ke ƙera ta. Duk wanda ya tashi fassara labari ko takardar koyarwa a kanta yakan faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya bar haruffan nan huɗu yadda suke, mai karatu ya wuce bai ƙaru da komai ba, ko kuma ya ce "na'urar raba wuta", wanda ya fi na farko ɓarna, domin yana sa mai karatu ya ɗauki abin da ba shi ba ne.

Ba a raɗa wa abu suna sai an san aikinsa. Lantarki na bin matakai uku kafin ya iso ga mai amfani da shi: ana samar da shi a tasha, ana dakonsa a manyan layuka masu ƙarfin ɗaruruwan dubban bolt, sannan a rarraba shi ta ƙananan tashoshi da layuka masu ƙarfin bolt 33,000 ko 11,000 har zuwa taransifomar da ke sauke ƙarfinsa daidai da buƙatar gida. Manhajar da muke magana a kanta a mataki na ukun nan take aiki, inda rassa suka fi yawa, inda kuma mafi yawan ɗaukewar wutar da mutane ke gani ke samo asali.

Ga yadda aikinta yake idan aka matso kusa. A ce iska ta karya reshen bishiya ya faɗa kan layi mai bolt 11,000. Nan take makatsin da ke bakin ƙaramar tasha, wato na'urar da ke katse wuta idan an samu matsala, zai buɗe, dukan layin ya mutu, alhali ɓarnar ba ta wuce tsakanin falwaya biyu ba. A da, sai an jira mutane sun yi ta kiran waya, sannan a tura ma'aikata su bi layin da mota suna ɗaga kai har su iske wurin. Yanzu kuwa manhajar tana karɓar saƙo daga na'urorin da aka dasa a jikin layin, ta duba waɗanda ambaliyar lantarkin ta ratsa da waɗanda ba ta kai gare su ba, ta gane cewa matsalar tana tsakanin makunni kaza da makunni kaza. Sai ta buɗe waɗannan biyun don a killace wurin, ta mayar da makatsin tasha don waɗanda ke tsakanin tashar da wurin ɓarnar su samu wuta, sannan ta lissafa ko layin da ke maƙwabtaka zai iya ɗaukar nauyin waɗanda ke bayanta ba tare da ya yi zafi ko ƙarfinsa ya faɗi ba. Idan lissafin ya yarda, sai ta rufe makunnin da ke haɗa layukan biyu, ko ta miƙa wa ma'aikacin ɗakin kula jerin matakan ya amince da su ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan tana daidaita ƙarfin wuta a tsawon layi, tana ƙiyasta halin sassan da babu ma'auni a cikinsu, tana kuma lura da lantarkin da allunan sola na kan rufin gidaje ke turowa baya cikin layin da tun asali aka gina don wuta ta bi hanya ɗaya.

Ke nan ayyuka uku ne a dunƙule: tana gani, tana lissafi, tana ba da umarni. Duk sunan da ya ɗauki ɗaya ya zubar da biyu bai isa ba, kuma da wannan ma'aunin nake so mu auna kalmomin da aka kawo.

Na fara da "na'ura", domin ita ce ta fi saurin zuwa baki. Na'ura abu ce da ake taɓawa, kamar taransifoma ko mita. Abin da muke nema wa suna kuwa rubutattun umarni ne da ke aiki a cikin kwamfutoci, kuma kalmar manhaja, wadda muka saba da ita a harkar karatu, ta riga ta zauna daram a wannan ma'anar a bakin masu wayar hannu da 'yan jarida. Wasu sun fi son "tsari", saboda akwai layukan sadarwa da na'urorin da ke aiko da bayanai daga tashoshi. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma tsari kalma ce mai faɗi ƙwarai, har mai karatu zai iya ɗauka ana nufin doka ko jadawalin aiki. Na tsaya a kan manhaja.

"Raba wuta" kuma ya kamata mu guje masa gaba ɗaya. Idan Bahaushe ya ji ana rabon wuta, abin da zai fahimta shi ne ba ta isa ba, ana ba wannan yanki yau a ba wancan gobe. Rarrabawa ita ce ke nuna bazuwar abu zuwa wurare masu yawa, kuma ita muka riga muka saba ji a sunan kamfanonin. Sai dai ko "manhajar rarraba lantarki" ma ba daidai ba ce, domin wayoyi da taransifomomi ne ke rarrabawa, manhajar tana bisa kansu ne. Saboda haka dole kalmar "layuka" ta shigo, kuma dole a samu fi'ilin da zai faɗi abin da manhajar ke yi wa layukan. A nan ne ainihin gardamar take.

Wani ɗan'uwa ya kawo "sa ido". Malam, kalmar tana da daɗin ji, amma tana ɓoye abu mafi haɗari a cikin lamarin, wato cewa daga kan allon kwamfuta ana iya kashe wa gari guda wuta. A ranar 23 ga Disamba, 2015, masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba lantarki uku a ƙasar Yukren, suka yi amfani da hanyar ba da umarni daga nesa suka buɗe makatsai a ƙananan tashoshi, abokan hulɗa kimanin 225,000 suka rasa wuta na sa'o'i, har sai da ma'aikata suka tafi tashoshin da ƙafarsu suka mayar da ita da hannu. Abin da sa ido kawai yake yi ba zai iya wannan ba. Idan muka ba shi sunan ɗan kallo, mun rage wa mai karatu fahimtar dalilin da ya sa ake tsananta tsaronsa.

Wani kuma ya kawo "sarrafa", wadda ita ma rabin aikin ta ɗauka. Ta kama ba da umarni, amma ta bar gani, kuma gani shi ne tushe. A ranar 14 ga Agusta, 2003, manhajar da ke sanar da ma'aikata idan an samu matsala ta tsaya cik a ɗakin kula na kamfanin FirstEnergy da ke jihar Ohayo ta Amurka, layuka suka yi ta faɗuwa bayan sun taɓa bishiyoyi, ma'aikatan kuwa ba su samu gargaɗi ba fiye da sa'a guda. Kafin yamma ta yi, mutane kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada ba su da wuta. Wannan a manyan layukan dako ya faru, ba a na rarrabawa ba, amma darasin ɗaya ne: ikon ba da umarni yana hannunsu, ganin ne ya ƙwace musu. Ƙari a kan haka, sarrafawa a kunnen mutane da yawa tana nufin mayar da ɗanyen kaya wani abu daban, kamar yadda ake yi a masana'anta.

An kuma ambaci "ragama" da "akala". Ina son su ƙwarai, domin gajeru ne kuma namu ne tun asali, suna kuma tuna mana cewa akwai mutum a ɗaya ƙarshen igiyar, wanda gaskiya ne a ɗakin kula. Za su yi kyau a kanun labari. Amma a takardar kwangila ko littafin horar da ma'aikata ana buƙatar kalmar da ba sai an warware kwatance kafin a gane ta ba.

Abin da na zaɓa shi ne "gudanar da". Wanda ke gudanar da ma'aikata yana sauraron rahoto, yana auna abin da ya ji, yana yanke shawara, yana kuma sa a aikata, wato ayyukan nan uku duka suna cikinta. Bugu da ƙari, tushenta ɗaya da gudana, kuma lantarki gudana yake yi a cikin waya, saboda haka kalmar ta dace da abin ta fuska biyu ba tare da an tilasta mata ba.

Saura kalmar farko ta sunan Turancin, wadda ake yawan fassarawa da "ta zamani" ko "mai ci gaba". Waɗannan ba su faɗi komai ba, kuma abin da yake na zamani yau tsoho ne gobe. Abin da ya bambanta wannan manhajar da na baya shi ne ta tattara ayyukan da a da suke warwatse a manhajoji daban-daban, wato SCADA mai karɓo ma'aunai da aika umarni, da mai bin diddigin ɗaukewar wuta, da mai lissafin gudanar lantarki, ta ɗora su a kan taswirar layuka guda ɗaya da kowa ke kallo. Kalmar wannan ita ce "haɗaɗɗiya", a ma'anarta ta asali, irin wadda ke cikin sunan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Don haka shawarata ita ce a rubuta cikakken sunan a ambaton farko: haɗaɗɗiyar manhajar gudanar da layukan rarraba lantarki. Daga nan sai a ci gaba da cewa "manhajar gudanarwa" kawai, kamar a ce, "Manhajar gudanarwa ta killace wurin da layin ya lalace, ta mayar wa sauran unguwanni wuta." Ga SCADA kuma, idan ta zo ita kaɗai, ina ganin "manhajar sa ido da ba da umarni daga nesa" ta wadatar, domin a nan ne kalmar ɗan'uwanmu ta samu gurbinta. Ma'aikatan ɗakin kula, ku gwada waɗannan sunaye a bakinku lokacin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, ku faɗa mana inda suka yi wa harshe nauyi.