Dare uku ko huɗu za mu yi a kan Kogin Nilu?

Sakatare: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Tunda mun amince a gudanar da taronmu na dillalan taki a cikin jirgin ruwa a Masar, abin da ya rage shi ne tsawon tafiyar. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Luksor da Aswan sukan yi dare 3 daga Aswan, dare 4 daga Luksor, ko dare 7 zuwa da dawowa. A ganina dare 3 ya wadatar, domin batutuwanmu biyu ne kacal, farashi da bashin manoma.

Hajiya Ma'aji: Wa alaikumus salam. Ina goyon bayanka, Malam Sakatare, domin kowane dare da aka ƙara, kuɗin ɗaki da na abinci ne da za a biya da dala, kuma wanda ya bar shagonsa na Sabon Gari a hannun yara ya san yadda zuciya take komawa gida.

Alhaji Babba: Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma lissafin dare yana ɓoye gaskiyar lamarin. Ranar shiga jirgi ta gajiya ce, bayan an taso daga Zariya zuwa Kano, an tashi zuwa Alƙahira, an sake hawa wani jirgin zuwa kudu, ranar fita kuwa da safe ake sallamar mutane. Ke nan dare 3 yini biyu ne cikakku, su ma jirgin zai tsaya a Kom Ombo da Edfu, inda rabin jama'a za su sauka kallon tsofaffin gine-gine. Maganar bashi, wadda mutum yakan yi shiru a zaure sai bayan sallar isha'i ya ja ɗan'uwansa gefe ya faɗi abin da ke ransa, ba ta ƙarewa a yini biyu.

Sakatare: To, Baba, ko dare 7 kake nufi?

Alhaji Babba: A'a, ɗana, wannan ya zama yawon buɗe ido. Dare 4 nake nufi, saboda yini na uku shi ne na rubuta matsaya da sa hannu.

Hajiya Ma'aji: Alhaji, zan yarda idan bambancin kuɗin bai fi ƙarfin ƙananan dillalanmu ba, kuma a sa tafiyar a Janairu ko Fabrairu, lokacin da zafin Aswan ya sauka, mu ma ba mu shiga hidimar damina ba. Malam Sakatare, ka kawo mana farashin duka biyun a rubuce kafin zaman Asabar.