Tambaya: wane bishop ne ke riƙe da Westminster Abbey?

'Yar Wusasa:
Salama gare ku. Wani abu ya tsaya mini a rai tun ranar 19 ga Satumba 2022, da muka kalli jana'izar Sarauniya Elizabeth ta 2 a talabijin ni da kakata, wadda aka yi a Westminster Abbey, babban cocin nan na Landan. Ga Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, a wurin, amma wa'azi ya yi, shugaban limaman cocin, David Hoyle, shi ya jagoranci sujadar. Kaka ta ce, "Yaya babba yana zaune ƙarami na jan gaba?" Na rasa amsa. Mu a Angilikan muka tashi, kuma ban taɓa ganin cocin da bishop bai da iko da shi ba. Ko na Landan ne ke riƙe da wurin?

Malami mai ritaya:
'Yata, kakarki ta lura da kyau. Babu bishop ɗin da ke riƙe da shi, na Landan ko na Kantabari. Irin waɗannan coci-coci a Ingila ana ce musu Royal Peculiar, wato sarki ne kai tsaye a kansu, shi ke naɗa shugaban limaman.

Asalin abin ya girmi Angilikan kanta. Da can gidan sufaye ne, kuma tun 1222 aka yanke cewa Bishop na Landan ba shi da hurumi a kansu, ga Paparoma suke amsawa. Da Sarki Henry na 8 ya raba gari da Roma a 1534, ikon da ke hannun Paparoma ya koma fada. An rufe gidan sufayen a 1540, wurin ya yi shekara goma da bishop nasa na kansa, Sarauniya Mary ta dawo da sufaye, sannan Elizabeth ta 1 ta ba shi tsarin da yake kai yau a 1560. Na koyar da wannan tarihi shekaru, har yanzu yana burge ni yadda tsari ɗaya ya tsallake duk wannan hargitsi.

Mazaunin Landan:
Baba ya faɗi daidai. Ba shi kaɗai ba ne ma: akwai cocin St George a Windsor inda aka binne Sarauniya Elizabeth ta 2, da St Peter ad Vincula a cikin Hasumiyar Landan inda kabarin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na 8, yake.

'Yar Wusasa:
Na gode, Baba. Amma abin da ke damuna, idan rigima ta tashi a ciki, wa ake kai wa kuka? A wajenmu ko gardamar kuɗin baiko ce, mun san ƙofar da za mu buga.

Malami mai ritaya:
Fada ake kai wa, 'yata. A 1998 an sallami shugaban mawaƙan Westminster Abbey, ya ɗaukaka ƙara gaban Sarauniya. Ba ta zauna shari'ar da kanta ba, wani babban alƙali, Lord Jauncey, aka wakilta ya saurari ɓangarorin biyu, ya kuma tabbatar da sallamar. Ki gaishe mini da kaka, ki karanta mata wannan.