Neman suna: aikin hannun da ake haɗawa da tarkace

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Akwai aikin hannu da Turawa ke kira "assemblage": mutum ya tattaro tsohon katako, ƙusa mai tsatsa, cokali, murfin kwalba, ya harhaɗa su sai ga jimina, ko mai goro da hula a karkace, abin da in ka gani dole ka yi murmushi. A 1942 Picasso, mai zane ɗan ƙasar Spain, ya haɗa sirdin keke da sitiyarinsa, kan bijimi ya fito. El Anatsui, ɗan Ghana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka kafin ya yi ritaya, da murafun kwalabe yake saƙa abu kamar makeken zane. Mu ma a nan Kebbi tun muna yara ake ƙera mota da gwangwanin madara, a yanka silifas a yi taya. Suna ne kawai babu.

Gunki dai a ajiye shi gefe. Abin bauta ne, kuma duk yaron da aka ce gunki yake yi, a ranar babansa zai raba shi da guduma. Mutum-mutumi kuwa bai ɗauki kwalekwale ko babbar mota ba.

Wani babanmu a Argungu ya ce sassaƙa ce. Baba, Allah ya ƙara girma, amma masassaƙi rage itace yake yi da gizago har turmi ko akushi ya bayyana. Mai wannan aikin kuwa ƙari yake yi, wani kan wani.

Wata 'yar'uwa ta kawo "ƙirar tsintuwa", kuma ta yi daɗin faɗa. Sai dai tsintuwa tana da mai ita, shi ya sa ake cigiya. Katakon jirgin da ya ruɓe a bakin ruwa a Yauri, ko tsagaggen goran masunta, babu mai nemansu. Jari-bola kuma na masu awo a sikeli ne, ƙarshen kayansu narkarwa.

Ni na tsaya a kan ƙirar tsince-tsince. Ƙira ta wuce maƙera, tunda muna cewa mota ƙirar Japan. Tsince-tsince kuma ya nuna ɗaya-ɗaya aka samo kayan, wannan a juji, wancan a bayan gareji. Mai yin ta maƙerin tsince-tsince.

Mutanen Gusau da Talatar Mafara, in akwai sunan da kakanninku ke kiran motar kara da dangoginta, ku kawo shi, zai fi nawa asali.