Neman shawara kan filin da ke bayan unguwarmu a Damagaram

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin filaye. A bayan unguwarmu akwai wani fili mai itatuwan gawo da dogon yaro, inda yara ke wasa, kuma ta cikinsa ruwan damina ke gangarawa zuwa tapki. Makonni uku da suka wuce aka kakkafa duwatsun iyaka, aka ce wata babbar makaranta da ke maƙwabtaka da mu za ta gina ɗakunan kwanan ɗalibai a wurin.

Ba mu ƙi ginin ba, domin ƴaƴanmu ne za su kwana a ciki. Abin da ke hana ni barci shi ne ruwa, saboda idan katanga ta tare hanyarsa, gidajenmu na ƙasa ne za su sha shi a watan Agusta.

Mun je wurin mai unguwa, ya tura mu ofishin magajin gari, can kuma aka ce mu dawo. Shin mazauna unguwa suna da haƙƙin ganin taswirar ginin kafin a fara? Kuma wa ya kamata mu rubuta wa tukuna, ma'aikatar muhalli mai kula da saran itatuwa, ko fadar Sarkin Damagaram?