Dundumi: wa ya taɓa gani a gidansu?

Daga Jahun: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ce ke da ciki wata 7, da rana ras take gani har zare take sa wa allura, amma da an kira magariba sai ta fara lalube tana tuntuɓe da buta, Inna ta ce dundumi ne. Ni kam a bakin malaminmu na allo na san kalmar, in yaro yana cankar baƙi bai iya ba sai ya ce dundumi kake yi, wlh ban ɗauka ciwo ne na gaske ba. Hankalina a tashe yake.

Daga Yelwa: Wa alaikumus salam, sannu Yaya. Ni na yi shi a cikina na uku, kullum kafin rana ta faɗi nake gama girki in shige ɗaki kamar kaza don ko fitila aka kunna dishi-dishi nake gani, ga tsoro kar a ce makanta ce na yi ta ɓoyewa har maigidan. A wajen awo aka ce ƙarancin bitamin A ne, in dage da manja da karas da zogale da ƙwai da alayyahu, duk akwai su a kasuwar Muda Lawal, kuma alhamdulillah ya tafi. Amma don Allah kar ku saya mata ƙwayar a kemis, yawanta yana illa ga abin da ke cikin, a bar ma'aikatan su auna.

Daga Azare: Kakarmu hanta take gasa wa mai dundumi, ashe tana da gaskiya. Bitamin A ɗin da ke cikin hanta shi ne ma ɗigon nan da ake yi wa yara a baki daga wata 6 zuwa shekara 5, shuɗi na jarirai ja na manya.

Daga Wunti: Na Babanmu daban ne fa. Shi fitilar mota ce ke kashe masa ido kuma da rana ma kamar hazo yake gani, muka yi ta cewa dundumi ne har shekara biyu, ashe yanar ido ce. Aiki aka yi masa, yanzu yana karanta Alƙur'aninsa da kansa. Jinkirin nan har yau yana ci mini rai.

Daga Dass: Akwai na gado kuma, kawuna da ɗansa duk suna da shi tun suna yara, shi hanta ba ta yi masa komai.

Daga Jahun: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Laraba ce ranar awonta, ni da kaina zan raka ta in yi musu bayani don ita kunya ba za ta bari ta faɗa ba.