Wane suna za mu ba VR a aikin injiniya?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Ɗaliban IUT, wato cibiyar koyon fasaha ta Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, suna cewa réalité virtuelle, ƴan'uwanmu na ƙetaren Jibiya suna cewa VR. Magini da mai walda a Maraɗi kuwa, waɗanda su za su aikata abin da aka zana, babu wanda suke ji a ciki.

2/ Ga abin da ake nema wa suna. Injiniya yakan zana inji ko gini a kwamfuta, da AutoCAD (tun 1982 yake kasuwa) ko SolidWorks ko CATIA, wadda da ita aka zana jirgin Boeing 777 kafin ya tashi a 1994. Zanen yana da tsawo da faɗi da zurfi, amma ta allo ake leƙensa. Sai aka zo da tabarau mai allo a gaban kowane ido. In ka saka shi, sai ka gan ka tsaye kusa da injin, girmansa sak yadda zai kasance. Ka juya kai, hoton ya juya. Ka durƙusa, ka ga ƙasansa.

3/ Amfanin a nan yake. A ce injin matsar man gyaɗa ne. A allo komai daidai, awo bai saɓa ba. Da ka shiga sai ka tarar akwai notin da hannu riƙe da sufana ba zai kai gare shi ba, sai an kwance rabin injin. Gara a gano haka kafin a yanka ƙarfe.

4/ Malam na farko da ya amsa ya ce "rufa-ido", tunda tabarau ɗin rufe ido yake yi. Allah ya ƙara basira, Malam, dariya kam na sha. Amma rufa-ido sana'ar ƴan dabo ce. Ka ce wa Alhajin da ya ba ka kwangilar shago a babbar kasuwa za ka yi masa rufa-ido, ka ga ko zai sake ɗaukar wayarka.

5/ Wani ya kawo "kawalwalniya", wani "duniyar gizo". Duka ciwonsu ɗaya: suna nuna abin ƙarya ne. Alhali a wannan aiki, in ƙofa mita biyu ce a zane, mita biyu za ka gani. "Majigi" ma na ajiye shi, don shi zaune ake kallonsa daga nesa.

6/ Ni ra'ayina, a bar fassara kalmar Nasara, a kira abin da aikin da ake yi da shi. Haka Hausa ta saba: share-fage, buɗa-baki, shige-da-fice. Mai tabarau me yake yi? Shiga yake yi. Shi ya sa na kawo "shiga-zane".

7/ Nan take wata ɗaliba ta ce, "Yaya, a rubuce ai ba a bambanta zanen alƙalami da zanen ɗaurawa." Gaskiyarki, ƙanwata. A baki karin murya yana raba su, a takarda babu. Ta ce a sa "taswira". Wani dattijo ya ja, ya ce taswira shimfiɗaɗɗiya ce, ba a shigarta. Baba, ai abin mamakin ke nan da sunan yake faɗa: abin da a da ake shimfiɗawa a tebur, yau ana shigarsa.

8/ Kuma kalmar tana tunatar da wani abu da masu talla ba sa faɗa. Abin da ka shiga taswira ce, injin bai wanzu ba tukuna. Kafin zanen CAO, wato zanen da injiniya ya yi a kwamfuta, ya shiga tabarau sai an farfasa fuskokinsa zuwa ƙananan alwatika, a rage masu yawa, don na'urar ta iya sabunta hoto kamar sau 90 a daƙiƙa. In ta yi jinkiri, jiri da tashin zuciya ne ke biyowa. Don haka ba a ɗaukar awo na ƙarshe a can, sai a koma ainihin zanen. Nauyi ma ba ka jinsa: za ka ɗaga ƙarfen da ƙarti huɗu ba za su iya ba, da yatsa biyu.

9/ Ga inda muka tsaya. A aikin injiniya: shiga-taswira. Na'urar: tabarau na shiga-taswira. A gwada a baki: "An yi wa ginin shiga-taswira kafin a zuba kankare." Ya zauna. VR na wasa da yawon ido, irin na tabarau ɗin Meta Quest, wasu sun fi son "tamkar-gaske", ban hana ba, don mai wasa ba taswira ya shiga ba.

10/ Na san magina za su mayar da shi "shiga-pulan", tunda pulan suke cewa. Su yi. Saura abin da ake riƙewa a hannu biyu ana nuni da shi. Yaran gidan wasa suna cewa "manet". Mai wadda ta fi wannan ya kawo.